Jiƙaƙƙen Kafet da Hannun Auta

Akwai wani direban tasi da 'yan tasha suke kira Aradu. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, halinsa ne ya jawo masa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri. In fasinja ya buga ƙofa da ƙarfi, ranar har kakanninsa sai sun sha zagi. In mai babur ya gogi madubinsa, kafin a ce a yi haƙuri ya riga ya shaƙe wuyan rigar mutum.

Ku da kuke bin wannan shafi, na san kowannenku ya san irin mutumin nan. Wataƙila ma a gidanku yake. In kuwa shi ne riƙe da wayar yanzu, to ya gyara zama.

Aradu yana da ƙane guda, Auta. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ka ga halinsu sai ka rantse a hanya suka haɗu. Auta siriri ne mai sanyin magana, irin direban da zai fito ya ɗaukar wa tsohuwa kaya har bakin ƙofarta. Motar da suke ja ta mahaifinsu ce, ya rasu ya bar musu. Aradu yana fita da ita daga safe zuwa la'asar, Auta ya karɓa ya ƙarasa yinin.

Gida ɗaya suke zaune da mahaifiyarsu, Inna. Tsohuwar nan burinta a duniya ɗaya ne, kada 'ya'yanta biyu su rabu tana numfashi. Duk wutar da Aradu ya kunna a gidan, ita ce mai kashewa. Kullum maganarta ga Auta ita ce ya yi haƙuri, yayansa ne, zuciya ce da shi amma ba mugu ba ne. Auta kuwa ya yi ta haɗiyewa har haƙurin ya zame masa jiki.

Wata safiya Aradu ya buɗe mota sai ya ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar an ƙona sukari. Ya dudduba bai ga komai ba. Fasinjar farko da ta zauna a gaba ta ɗaga ƙafafunta ta ce masa ƙasan nan fa a jiƙe yake. Ya kai hannu ya ji kafet ɗin sharkaf. Ruwan yana da santsi a yatsa, ga shi da ɗan kore-kore. Ba a yi ruwan sama ba, ba a kuma wanke motar ba.

Ya matse kafet ɗin ya shanya, washegari abu ya dawo. Daga nan gilashin gaba ya fara yin hazo daga ciki, in ya goge da tsumma sai maiƙo ya ƙara dagula shi. Kafin la'asar kansa ya ɗauki ciwo, maƙogwaronsa yana ƙaiƙayi. Mutumin da ko lafiya lau ba a iya masa, ku ƙiyasta yadda ya koma da ciwon kai.

Auta shi ma ya ga abin, sai ya biya da motar garejin makanikensu. Makaniken ya shinshina kafet ɗin, ya leƙa ƙarƙashin dashbod, wato allon da ke gaban direba da fasinja, da tocila, ya ce ba wani abin ɓoye ba ne. A bayan dashbod, inda ido ba ya kaiwa, akwai wani ƙaramin lagireto na hita, wanda ke ɗumama cikin mota lokacin sanyi. Ruwan zafi daga inji yana shiga cikinsa ta tiyo ɗaya, ya fita ta ɗaya. Shi ne ya tsufa ya huje, yake tsiyaya a ƙafar fasinja.

Ya ce gyaran iri biyu ne. Ko a kwance dashbod gaba ɗaya a sa sabo, ko kuma a haɗe tiyon nan biyu ta bayan inji don ruwan ya daina shiga ciki. Ya ja wa Auta kunne cewa ruwan inji ne ke ƙarewa a hankali, ga shi allurar zafin motar ta daɗe da mutuwa, ba abin da zai gargaɗi direba. Auta ya ce ba shi da ikon sa a taɓa motar sai ya faɗa wa yayansa.

Ya same shi a tsakar gida yana shafa man zafi a goshi, ya tsuguna ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Aradu ya saurara da ido ɗaya a rufe.

"Lagireto a gaba yake ko a ɗaki?"

"A gaba yake, Yaya. Wannan na hita ne."

"Tunda Baba ya sayi motar nan, ka taɓa ganin an kunna hita? Abin da ba a kunnawa shi ne zai yi yoyo?"

Auta ya ce makaniken ya ce ko an kunna ko ba a kunna ba, ruwan yana zagayawa ta ciki. Nan fa Aradu ya miƙe tsaye. Ya ce don shi ɗan fari ne shi ya sa Auta da makaniken suke masa kallon wawa, suna so su farke masa mota su bar shi da tarkace. Ya nuna Auta da yatsa har yana taɓa masa hanci.

"Daga yau in na ga hannunka a bonet ɗin motar nan, sai na karya shi."

Inna ta leƙo daga ɗaki ta yi wa Auta alama da ido, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to.

A tashar akwai wani ɗan kamasho da ake kira Rediyo, don ba a kunna shi, ba a kuma kashe shi. Bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa, amma ba ciwon motar da bai san maganinsa ba. Da Aradu ya nuna masa kafet ɗin, sai ya dangwala yatsa, ya shinshina, ya ja da baya yana girgiza kai.

"Aradu, ruwa ba ya tsami banza. Ruwa mai ƙamshi, mai kala, ga ciwon kai, ga hazo a gaban idonka. Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ya ce komai. Ya tambayi wa ke kwana da makulli. Ya tuna masa yadda fasinjoji ke tsayawa jiran Auta ko da Aradu ne a kan layi. Ya ba shi labarin wani direba da aka yi wa yayyafin asiri a mota har ta fita daga ransa, ya bar wa ɗan'uwansa ita ya shiga duniya. Wane direba ne, a wace tasha, Rediyo bai faɗa ba, Aradu kuma bai tambaya ba.

Abin da ke ba ni haushi ke nan, jama'a. Ƙaninka da kuka sha nono ɗaya ya zo maka da bayani mai kai da ƙafa, ka ce ƙarya ne. Wani ɗan zaman benci ya zo maka da tatsuniya, ka haɗiye ba ko tauna. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

Shi kuwa Auta ya shiga tsaka mai wuya. Ya san ruwan lagireto yana raguwa kullum, ya kuma san abin da zai faru in ya ƙare. An hana shi taɓa bonet, amma zuciyarsa ta ƙi yarda ya bar yayansa ya fita da busasshen inji. Sai ya riƙa fakon lokacin da Aradu ke komawa barci bayan sallar asuba. Ya lallaɓa da jarka, ya buɗe bonet a hankali, ya cika lagireto, ya matse kafet, ya koma ɗaki kamar bai fito ba.

Wata safiya Aradu bai koma barci ba. Ya laɓe a bayan ƙofar gida yana leƙe ta kafar ƙyaure. Ya ga Auta ya fito yana waige-waige da jarka a hannu. Ya ga ya matse wani abu a ƙasan kujerar gaba. Ya ga ya ɗaga bonet, leɓɓansa suna motsi kafin ya fara zuba ruwa. Bismilla ce bawan Allah yake yi, kamar yadda ya saba kafin kowane aiki, amma a idon Aradu surkulle ne.

Ya fito da gudu ya kama bonet ɗin da hannu biyu, ya maka shi ƙasa da duk ƙarfinsa. Hannun Auta na dama yana kan bakin lagireto. Ƙarfe ya sauka a kan tsintsiyar hannun, ƙashi ya yi ƙara, Auta ya ƙwalla ihun da ya tada unguwar.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Aradu ya danne bonet ɗin da gwiwa, hannun yana ciki, ya rufe ƙaninsa da naushi a fuska. Jini ya ɓalle daga hanci ya wanke gaban riga. Da Auta ya zare hannun ya faɗi, sai Aradu ya zaro wilsifana, ƙarfen kwance taya, daga ƙarƙashin kujera ya bi shi ƙasa. Auta ya ɗaga karyayyen hannun don ya kare kansa, ƙarfen ya sake sauka a wuri ɗaya.

"Ni za ka yi wa asiri? A kan mota?"

"Ruwa ne, Yaya. Wallahi ruwan famfo ne."

Inna ta fito ba ɗankwali ba takalmi, ta faɗa a kan Auta ta rufe shi da jikinta. Ta ce wa Aradu in zai ƙara, to ya fara da ita. Maƙwabta suka taru, ƙarti suka rirriƙe shi da ƙyar yana fizge-fizge yana kumfar baki. Jarkar tana gefe a kife, ruwan yana bin ƙasa yana haɗuwa da jini.

Aka kinkimi Auta za a sa shi a motar wani maƙwabci. Hannun yana lilo, leɓensa a fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. A haka ya juyo da kai yana neman yayansa.

"Yaya, ka duba ruwa kafin ka tayar."

Ni wannan maganar ce ta fi karya min zuciya a duk labarin. Aradu kuwa ya ɗauka baƙar magana ce, ya tofar da yawu ya shige gida. A asibiti da likita ya tambayi abin da ya faru, Auta ya ce bonet ne ya faɗo masa, fuskar kuma faɗuwa ya yi. Likitan ya dube shi ya dubi Inna, bai ƙara tambaya ba.

Aradu ya ci gaba da fita aiki, yanzu motar tasa ce shi kaɗai. Bai buɗe bonet ba, don a ganinsa buɗewa yarda ce da maganar Auta. Cikin 'yan kwanaki sai jiƙar kafet ta fara raguwa, ƙamshin ma ya yi sauƙi. Ya kira Rediyo ya nuna masa, Rediyo ya tafa hannu ya ce gani ya kori ji, tunda mai yayyafin ya kwanta ai ga shi abin ya karye. Ba wanda ya yi tunanin cewa tulun da ya daina yoyo wataƙila ruwan cikinsa ne ya kusa ƙarewa.

Duk kwanakin nan Inna tana jinyar Auta a asibiti, Aradu bai leƙa ba. Ran nan ta dawo gida ɗaukar kaya, ta same shi ya dawo cin abincin rana. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a kansa ta ce ya tashi ya kai ta asibiti, kuma ƙafarsa ƙafarta har gaban gadon ƙaninsa. Ya fara gunaguni, ta katse shi, ta kira shi da sunan da ta saba kiran ɗanta na fari.

"Babba, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Ku biyu gare ni."

Ya tashi yana huci ya ɗauki makulli. Inna ta shiga gaba, ta ajiye kwandon kaya a cinya, ta zare takalmanta kamar yadda takan yi a mota don ƙafafunta suna kumbura. Rana ta take, hanya ta cushe. Aradu yana ta danna hon yana zagin na gaba, yana taka totur yana birki. Injin ya fara wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa yana raguwa. Inna ta ce tana jin ƙauri. Ya ce mata motar gabansu ce.

Da suka fita daga cunkoson, hanya ta miƙe zuwa wata 'yar hawa. Aradu ya ba ta wuta don ya huce haushinsa. Ɗan ruwan da ya rage a injin ya riga ya tafasa ya zama tururi, yana neman mafita, kuma wurin da ya fi rauni shi ne hujin nan na bayan dashbod.

Suna tsakiyar hawan abin ya fashe. Tafasasshen ruwa ya feso daga ƙarƙashin dashbod kai tsaye a kan ƙafafun Inna. Tururi ya turnuƙe motar, gilashi ya yi fari fat. Inna ta yi wata ƙara da Aradu bai taɓa jin irinta daga bakinta ba. Ta ɗaga ƙafa, kwando ya tare ta, ruwan ya ci gaba da zuba.

Aradu ba ya ganin komai. Ya taka birki ya murɗa sitiyari a makance, motar ta haura gefen titi ta daki turken wutar lantarki. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari, goshin Inna ya bugi gilashi ya tsage.

Ya fito yana tangaɗi ya zagaya ɓangarenta, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya ja, ya daka, ya sa ƙafa ya fizga har marfin ya sake. Ya cusa hannuwansa cikin tururin ya ciro ƙafafunta, fatar tana saluɓewa tana manne masa a tafi. Mutane suka taru, wata mai shago ta kawo ruwan sanyi ana ta kwarara mata. Ƙaton nan da tasha guda ke tsoro ya zauna dirshan a kan kwalta, ƙafafun uwarsa a cinyarsa, yana kuka kamar yaron da aka yaye.

Asibitin da ya ƙi zuwa da ƙafarsa, a bayan motar wani aka kai shi. Aka kwantar da Inna a ɓangaren ƙuna, Auta yana ɓangaren ƙashi, bene ɗaya ne tsakaninsu.

Da makaniken ya janyo motar ya kwance dashbod, sai ya aiko wa Aradu da abin a leda. Ƙaramin lagireto ne, ya yi tsatsa, ya tsage daga gefe zuwa gefe. Aradu ya juya shi a hannuwansa masu bandeji ya daɗe yana kallo. Ba laya, ba ƙulli, ba komai sai ruɓaɓɓen ƙarfe. Rediyo kuwa da labari ya kai masa, cewa ya yi shi fa hira ya yi, bai ce a daki kowa ba.

Aradu ya durƙusa a gaban gadon Inna ya kasa haɗa ido da ita. Ta ɗora hannu a kansa ta ce ta yafe masa ƙafafunta duniya da lahira, amma hannun Auta ba nata ba ne, ya hau sama ya nemi mai shi.

Ya hau. Ya tarar an yi wa Auta aiki, an sa ƙarfe a hannun. Likita ya riga ya faɗa masa cewa jijiya ta yanke, yatsun ba za su ƙara damƙe sitiyari ba. Aradu ya zube a ƙasa ya ce ya ga lagireton da idonsa, ya ce shi azzalumi ne, ya roƙi Auta ya rama ko da da wilsifanar ce. Auta ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambayi jikin Inna. Da ya ji yadda ƙunar take, sai ya juya fuska bango yana kuka.

"Na yafe maka, Yaya. Amma in na ji takunka a bayana, jikina rawa yake yi. Ba zan iya kwana gida ɗaya da kai ba."

Ranar da aka sallame shi, kawunsu ya zo ya tafi da shi wani gari mai nisa, inda zai riƙa tsare masa shago da hannu ɗaya. Ya shiga ya yi sallama da Inna, suka yi kukansu, ya tafi. Bai zagi kowa ba, bai kai ƙara ba.

Inna ta dawo gida, amma ƙunar ta ci ƙafafun sosai, fatar ta ƙanƙance, ba ta iya taka ƙasa. Aradu ne ke goya ta zuwa banɗaki, shi ke wanke mata ciwon, shi ke juya ta a kan gado. Ya daina faɗa da kowa, ko muryarsa ba a ji a unguwa. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma da ta yi masa da ya fi samun sauƙi.

Wata yamma yana shafa mata magani a tsakar gida, sai ya ga ta ƙura wa ƙofar ɗakin Auta ido, hawaye yana bin kuncinta. Ya tsayar da hannu ya tambaye ta ko ya fama mata ciwon ne.

"A'a, Babba, ci gaba. Tunani nake, da ƙafafun nan za su ɗauke ni, da na je na dawo da shi."

Darasi: Fushi ba ya bincike, kuma abin da hannu ya karya cikin ƙiftawar ido, kukan shekaru ba ya ɗora shi. Kafin ka zargi ɗan'uwanka, saurare shi, ka je ka duba da idonka, don sau da yawa wanda kake zato yana cutarka shi ne yake rufa maka asiri ba ka sani ba. Ka kiyayi masu "ni dai ban ce komai ba", ranar da ta ɓaci ba za ka gan su ba. Ku kuma direbobi, in kun ga kafet ɗin gaba yana jiƙewa da ruwa mai santsi da ƙamshin zaƙi, gilashi yana hazo daga ciki, ku nufi gareji tun kafin ya fashe a ƙafar wani. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman mai saurin hannun nan da ya faɗo muku a rai tun kuna tsakiyar karatu.